Shekarar da Haro Ya Karya Mani Ƙafa

Har yau ban manta da safiyar da haro ya faɗo mani a ƙafa a wata gona ta Tafashiya ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi ina tuƙa motar noma, wannan zan ba ku, ku da za ku fara hawa a daminar bana.

Sunana Lawal. A lokacin ina tuƙa wa wani Alhaji Mamman na Kankia, mai tarakta biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun abokin aikina Isiya. Ga wanda bai san sana'ar ba, direban tarakta ba shi da albashin wata. Manomi zai biya kuɗin aikin gonarsa, a cire na mai, a cire na gyara, sannan mai mota ya ba direba kasonsa. Aikin kuma na ɗan lokaci ne. Daga saukar ruwan shuka zuwa lokacin da kowa ya gama huɗa, nan ne abincinka na shekara yake. Sai kuma kaka, a ɗaura tirela a yi jigilar dawa da gyaɗa. Sauran watanni kana zaune.

Shekara biyu kafin wannan rana, ruwa ya rushe mani ɗaki biyu a gida. Na je wurin Alhaji ya ranta mani kuɗin bulo da kwano, a kan zai riƙa cirewa daga kasona. Haka ake yi a wannan aiki, kusan duk direban da ka gani akwai kuɗin maigidansa a kansa. Wani tun yana saurayi ya ci, har ya yi furfura bai fita ba, domin kafin ya gama na aure ya ci na suna, kafin ya gama na suna ya ci na Sallah.

Ni ban so in tsufa a haka ba. Muka zauna da maiɗakina Ladi muka yanke cewa duk abin da ya shigo hannuna za a kasa shi uku: na cefane, na Alhaji, da na ajiya. Na ajiyar ba a bar shi kuɗi ba, don kuɗi a ɗaki ba ya kwana. Da kaka mu sayi gero lokacin da yake da araha, in an samu rara kuma a sayi 'yar tunkiya Ladi ta kiwata.

Faɗarsa da sauƙi. Na sayar da babur ɗina na koma keke. Na daina zama teburin mai shayi, inda direbobi ke karyawa da burodi da ƙwai, sai in fito da ɗumamen tuwo a kwano in ci a gindin mota. Isiya ya laƙaba mani Lawal Ɗumame, sunan ya bi ni har Kusada. Ranar kasuwa in wuce mai tsire ban waiwaya ba. Wanda ya fi ci mani rai shi ne Sallar da ɗiyata A'isha ta ga ƙawayenta da ɗinki bibbiyu, ita da ɗaya, ta shiga ɗaki ta ƙi fitowa. Na tsaya a tsakar gida ina kallon tumakin nan, raina yana ce mani in kama ɗaya in kai kasuwa.

Akwai ma lokacin da na gaji, na ce wa Ladi mu sayar da su duka da geron, mu kai wa Alhaji mu huta.

Ta ce, "Baban A'isha, in ka kai mashi duka yau, jibi ciwo ya shigo gidan nan, ƙofar wa za ka je?"

Na ce, "Tasa."

Ta ce, "To ka ga ba ka fita ba ke nan. Zagaye ka yi ka dawo. A bar mani tumakina."

Na bar mata.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa mai kyau, manoma sun yi mani layi tun daga Kunduru har Tafashiya. Na isa gonar wani dattijo, Malam Haruna, inda na bar haro jiya da yamma. Haro shi ne ƙarfen nan mai faya-fayai da ake ɗaura wa tarakta a baya, ya farfasa ƙasa kafin huɗa. Ƙa'ida ita ce in za ka ɗaura shi, ya kasance a kan ƙasa mai tauri, ka kuma kiyaye inda ka sa ƙafarka. Na tokare shi da dutse, amma ruwan ya jiƙa wurin. Ina ƙoƙarin zura ƙarfen da ke riƙe shi, dutsen ya nutse, haro ya karkato ya danne mani ƙafar hagu.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane sun yo kaina da gudu. Malam Haruna da maƙwabtansa suka sa itace suka ɗaga, aka jawo ni. Aka ɗora ni a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da ni, har asibiti a Kankia. Aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashi ya karye, aka yi ɗori. Na tambaye shi yaushe zan taka kuloc, don da ƙafar hagu ake taka shi. Ya ce in cire rai da wannan damina.

Ku da kuka san aikin kun san abin da wannan magana take nufi. Damina ta fara ke nan, abincin shekara ya tafi, ga sauran bashi.

Kafin in dawo gida Ladi ta sa ƙanenta ya kai tunkiya ɗaya kasuwa, an biya asibiti an sayi magani. Ba ta tambayi kowa ko sisi ba.

Bayan kwana biyu Alhaji ya zo duba ni. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Ya zauna a kan tabarma a zaure, ya yi mani sannu, ya ajiye ledar lemo. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗi masu kauri.

Ya ce, "Lawal, riƙe wannan ku ci abinci har ka warke. A haɗa da na baya, in ka miƙe a ci gaba da cirewa."

Na kalli kuɗin nan. Wallahi da a ce shekara biyu baya ne, da hannu biyu zan karɓa har da godiya. Na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Amma a mayar da su. Ba zan ƙara a kan na baya ba."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ko ka samu wani ubangidan ne ban sani ba?"

Na ce, "Ko kusa. Alhaji, leƙa tsakar gida."

Ladi da ke tsaye a bakin ƙofa ta matsa gefe, ya leƙa. Ya ga tumaki a ɗaure, ya ga buhunan gero ta ƙofar ɗakin ajiya. Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya zauna sai ya ce, "Da wannan kason da nake ba ka ka tara waɗannan?"

Na ce, "Da shi. Geron zai kai mu sabon hatsi in Allah ya yarda. Rago ɗaya kuma na ware, in ya yi kuɗi zan kawo maka na bana, kada shekara ta wuce ban rage komai ba. Abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda za ka ba motar yanzu, ka gaya mashi riƙo ne. Da kaka zan karɓi abata."

Ya yi dariya ya ce, "Ka ji mutum, yana kwance yana kafa mani sharaɗi." Ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya zaro kaɗan ya ajiye a kan tabarma, ya ce wannan ba rance ba ne, na dubiya ne. Shi na karɓa.

Daminar ba ta yi daɗi ba, kada in yi maku ƙarya. Ina kwance ina jin ƙarar tarakta tana wucewa a titi, in gane tawa ce daga kukanta. Miyarmu ta koma kuka da daddawa. Tumakin suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage uwa ɗaya kaɗai da ɗanta. Amma ba mu kwana da yunwa ba, yara ba su bar makaranta ba, kuma ban aika gidan kowa neman rance ba. Ragon na sayar na kai wa Alhaji kamar yadda na ce.

Da kaka na koma kan motata ina ɗingishi, na yi jigilar gyaɗa daga Kunduru har aka gama. Damina ta zagayo, kafin a gama huɗa na biya ragowar bashin. A ranar na ce wa Alhaji ina son a duba kasona, don mai ya yi tsada, komai ya yi tsada. Ya san ba abin da ya riƙe ni sai son aikin, ya ƙara. Na ci gaba da yi mashi tuƙi har na ajiye don kaina.

Abin da na gane a wannan sana'a shi ne, masu mota yawancinsu ba mugaye ba ne. Rance suke bayarwa da zuciya ɗaya, kuma direban da ake bi ba ya tafiya ko'ina, wannan ma sun sani. Aikinmu na ƙarfe ne, rana ɗaya tana iya cinye maka shekara. Don haka in kuɗin huɗa suka fara shigowa bana, za ku ji kamar ba za su ƙare ba. Ku biya wanda ke bin ku, amma kada ku kai mashi duka. Ku ajiye abin da za ku ci in an kwantar da ku, domin ranar da maigida zai zo dubiya da hannu a aljihu, ku iya gode mashi ku ce ya bar su.