Furen da Ya Tsira a Bakin Katanga

Shekara goma sha tara ina aikin lambu a unguwar GRA, amma ranar da na je gaban Mama Rifkatu da matacciyar shuka a hannu ba ta fita daga raina ba.

Mama Rifkatu malamar aikin gona ce, 'yar kudancin Kaduna, ta yi ritaya, ni nake kula da lambun gidanta. Cikin watan Nuwamba ta ba ni wata 'yar takarda mai irin fure a ciki. Ta ce marigayi maigidanta ya kawo shi daga bakin Bahar Rum, kuma shi ke nan ya rage.

Na tsorata. Na yi masa abin da muke yi wa latas: na haƙa fangali, wato gurbi mai zurfi da ke riƙe ruwa, na zuba takin awaki, ina ban-ruwa safe da yamma. Ya tsiro, na ƙara ruwa. Ya yi rawaya, na ƙara taki. Mako uku, saiwar ta ruɓe duka.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na same ta a baranda na ce, "Mama, na ci amanarki."

Ta duba saiwar, ta shinshina. "Malam Sule, shuka ka yi ko kunu ka dama?"

Ta zaunar da ni. Ta ce a ƙasar da aka kawo shi, furen nan cikin tsagar dutse yake fitowa, inda ruwa ba ya kwanciya. Da sanyi yake samun ruwan sama, da zafi ya zubar da iri ya bushe. Tsawonsa bai kai yatsa ba.

"Fari ne, tsakiyarsa rawaya?" na tambaya.

"A ina ka gani?"

Na kai ta bakin katanga, cikin tsakuwa, inda na kakkaɓe takardar ranar shuka. Wasu 'yan tsiro uku ne a wurin, ɗaya ya buɗe. Kullum ina wuce su, don ba na cire ciyawar da ban san sunanta ba.

Mama ta durƙusa, da ciwon gwiwarta. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Kada ka kuskura ka tausaya musu."

Tun ranar, in an ba ni baƙon iri, kafin in ɗauki fartanya sai na tambayi inda ya fito. Furannin suna nan, sun cika bakin katangar. Har yau in na wuce da bokiti hannuna yana ƙaiƙayi, amma ina wucewa.