Yadda Na Shimfiɗa Layin Dogo a Cikin Coci

Shekarun baya, zamanin da nake aikin gyaran jirgin ƙasa a loko, wato garejin jirage na Kafanchan, babu wani abu mai taya a duniyar nan da ya isa ya gagare ni. Ba fahariya nake yi ba, so nake ku san da wa kuke magana. Ni ne nake kwanciya a ƙarƙashin kan jirgi, in saurari numfashinsa, in gaya wa direba abin da ke damunsa tun bai buɗe baki ba. Keke kuwa, in ya hango ni daga nesa, da kansa yake mayar da sarƙarsa. A ƙauyenmu mutane sun manta sunana na baftisma, sai Injiniya, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

To, wani ɗan akwati mai sanda, wanda bai fi tiren shayi faɗi ba, shi ya koya mini hankali a gaban matan coci.

A lokacin mahaifiyata ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Matan nan sun daɗe suna zuwa ƙwadago a gonakin citta, su yi shuka, su yi ciyawa, su haƙa, su fere, duk don buri ɗaya: su shimfiɗa kafet daga ƙofar coci har bagadi, kamar yadda suka gani a babbar majami'a a Jos. Allah ya cika musu. Kafet ya iso a jirgi, ja wur, dogo, mai gashi. Ranar da aka shimfiɗa shi, dattawa ma a gefe-gefe suke bi kamar masu tsallake rafi. Amaryar farko da za ta taka shi kuwa ƙanwata ce, autar mahaifiyata, kuma an riga an sa rana.

Sai dai Lahadin da ta gabaci bikin ta faɗo daidai da godiyar kaka. Kun san yadda muke yi: kowa ya ɗauko abin da gona ta ba shi, a taho da rawa har gaban bagadi. Wata baiwar Allah ta ɗauko ƙwarya cike da acca a ka, waƙa ta yi mata daɗi, ta juya sau ɗaya, ta juya na biyu, ƙwarya ta ce ita ba da ita aka yi wannan shawara ba. Acca ta watse a tsakiyar kafet. Jama'a kuma ba su tsaya ba, suka bi ta kai da rawa, suka tattake ta har ƙasan gashin.

Wanda bai san acca ba zai ce mene ne abin damuwa. Acca ai rairayi ce da aka yi wa baftisma. In ta shiga wuri, ta shiga ke nan. Mata suka kawo tsintsiyar kwakwa, ta fara tsige gashin kafet. Suka kawo ta laushi, ita kuma sai ƙara tura ƙwayar ciki take yi. Kafin tsakiyar mako kiyashi sun yi jerin gwano, kuma an ga kashin ɓera kusa da bencin mawaƙa. Mahaifiyata ta daina cin abinci sosai. Ta ce in ɓera ya huda kafet ɗin nan kafin ɗaurin aure, ba ta san da wane ido za ta kalli matan da suka yi ta durƙuso a gonar mutane ba.

Matar fasto ce ta tuna cewa wata Baturiya da ta yi aiki a ɗakin shan magani na mishan ta bar wani abu a sito da za ta koma ƙasarsu, ta ce na sharar kafet ne. An ajiye shi tun lokacin, don ba a da kafet ɗin da za a share. Aka fito da shi duk yanar gizo, in an tura shi sai ya yi ƙiii kamar an taka wutsiyar kare. Wasu matan suka ce gara a zauna a tsince accar da hannu ko za a kwana nawa. Mahaifiyata ta ce a'a, ɗanta kan jirgi yake gyarawa, wannan ɗan abin ba zai kai shi shan ruwa ba. Ta aiko a kira ni.

Na kai shi gida na kifar da shi a kan tabarma, kuma gaskiya wanda ya ƙera abin nan ya yi tunani. Ba ya shan mai, ba ya neman lantarki. Taya huɗu ne na roba, biyu a kowane gefe. A tsakiya akwai burushi mai kamar muciya, gashi ya zagaye shi. Kowane bakin burushin yana da ɗan ƙaramin gare, kamar 'yar taya, da ya matse tsakanin tayoyin nan biyu, har da wata lanƙwasasshiyar waya da ke ƙara matse su. In ka tura, taya ta juya a kan kafet, ta gogi garen, burushi ya juya da gudu, ya tsinto datti ya wurga shi cikin wasu tirori biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, don ko gaba ka yi ko baya yana shara. Akwai ɗan mataji na ƙarfe da ke tsefe gashin burushin, da maɓallin da in ka danna tirorin su buɗe baki su zubar. An kuma zagaye jikinsa da roba don kada ya ƙuje ƙafar kujera.

Duk na ga wannan da idona. Amma a loko doka ɗaya muka sani: abin da ya yi kuka, mai yake nema. Da na ga taya da gare suna gogar juna a bushe, har tausayi suka ba ni. Na ce lallai Baturen nan ya iya ƙira amma bai iya kula da kaya ba. Na ɗauko gwangwanin giris, baƙi ƙirin, irin wanda muke cusa wa ƙafar jirgi. Na shafe sandunan taya, na shafe garen, na bi tayoyin da kansu na shafe su har suna ƙyalli. Na kaɗa taya da yatsa, ta yi ta juyawa kamar ba za ta tsaya ba sai ranar tashin matattu. Matata ta ce ko zan gwada shi a kan buhu tukuna. Na ce mata gwaji na masu shakkar kansu ne.

Ranar Alhamis da la'asar na saɓa shi a kafaɗa kamar bindiga na nufi coci. Matan zumunta sun jeru hagu da dama, da tsintsiyoyinsu a hannu. Sai da na yi musu lacca tukuna a kan ci gaban zamani, na ce daga yau bayansu ya huta. Sannan na ajiye shi a bakin ƙofa, na kama sanda da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, na ɗaga kai sama, na taka har bagadi kamar mai karɓar lambar yabo. Abin yana sulɓi kamar kifi. Ko ƙis bai yi ba.

Na ce, "Iyayena, akwai wadda ta ji wata ƙara?"

Duk suka zuba ido a bayana. Na ɗauka mamaki ne ya ɗaure musu baki. Na ce a miƙo faifai, na ɗaga injin a kai, na danna maɓalli. Tirori suka buɗe. Abin da ya faɗo ko kiyashi ba zai karya kumallo da shi ba.

Sai na waiwaya. Tun daga ƙofa har inda nake tsaye, layi biyu ne baƙaƙe a kan jan kafet, miƙaƙƙu, babu karkata ko kaɗan. A duk shekarun da na yi a reluwe ban taɓa ganin layin da ya miƙe haka ba. Daidai lokacin fasto ya shigo ta ƙofar gefe. Ya cire tabarau, ya dubi layin daga wannan kai zuwa wancan, ya mayar da tabarau.

Ya ce, "Injiniya, aiki ya yi kyau. Jirgin yaushe zai iso?"

Wata ta yi dariya ta haɗiye rabinta. Mahaifiyata ba ta yi ba. In ranta ya ɓaci sosai ajiye Hausa take yi ta koma yarenmu, to ranar ko yaren ma ba ta samu ba. Ta zauna a benci ta ɗora hannu biyu a gwiwa tana kallon kafet. Ƙanwata, wadda ta zo koyon tafiyar amare, ta tsuguna ta taɓa layin da yatsa, ta dubi yatsan, ta ce a hankali, "Yaya, farar riga ce fa, kuma tana jan ƙasa."

Wannan maganar ta fi ta fasto shiga jikina.

A bakin matakalar coci na zauna na sake kifar da abin, sai ga gaskiya a fili. Burushin ko motsi bai yi ba. Ƙarfinsa duk daga gogayyar nan yake samu, taya ta kama gare ta ja shi. Ni kuma na zo na sulhunta su da giris, kowa ya saki kowa, taya tana sulɓi, burushi yana barci. Shirun da nake taƙama da shi, shirun rashin aiki ne.

Na roƙi mahaifiyata ta ba ni zuwa gobe. Ta ce ba ita zan roƙa ba, masu kafet zan roƙa. Na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ba ni izini haɗe da guzurin baƙar magana. Wata ta tambaya ko za a riƙa yankar tikiti kafin a je karɓar jibin Ubangiji.

Na wanke tayoyi da kananzir, na goge da toka. Robarsu ta riga ta tsufa, sai na yanko robar cikin tayar keke na ɗaura musu sabuwar riga. Mai kuwa ɗigo kawai na sa a sandar taya, inda kukan yake tun farko. Wannan karon na gwada shi, a kan tsohon bargo, na barbaɗa gero. Na tura, sai na ji burushi ya yi furrr, sanda tana ɗan yi mini gardama a hannu. Matata tana tsaye tana kallo tana gyaɗa kai.

Saura layin dogo. A loko in mai ya zube, garin katako muke zubawa ya shanye. Garin katako zai yi wa kafet kaushi, sai na ce a gwada garin rogo. Da safiyar Juma'a na kankare giris da cokali, a durƙushe, daga ƙofa har bagadi. Mata suka barbaɗa gari a kan layin, muka danna da tsumma, muka bar shi ya sha, na bi da inji na kwashe. Muka sake. Muka kuma sakewa. Gari yana shiga fari yana fitowa ruwan toka, kuma duk zuwa ɗaya acca tana biyo shi, kana jin ta tana tsalle a cikin tire kamar yayyafi a kan kwano. Kafin rana ta karkata faifai ya cika da acca da gari da gawar kiyashi. Aka bi sauran tabon da ruwan sabulu. Ni kuwa na yi zirga-zirga tsakanin ƙofa da bagadi har na tabbata da miƙe tafiyar aka yi da na isa Legas.

Layin bai ɓace gaba ɗaya ba. Ya zama inuwa, wadda sai wanda ya sani zai gani, kuma duk ƙauyen sun sani. Ranar Asabar ƙanwata ta shigo, mawaƙa suna rerawa, ta bi tsakanin layukan nan biyu daidai wa daida. Kowa fuskar amarya yake kallo, ni bakin rigarta nake bi da ido. Ta isa bagadi fari fat. Sai a lokacin na ga mahaifiyata ta tashi ta shiga rawa.

Har yau in na ga ƙaramin abu, ba na raina shi don na saba da manya. Kuma na koyi cewa ba kowace ƙara ce ke neman mai ba. Akwai abin da gogayyar ce ke tafiyar da shi, in ka sa ya yi santsi ka kashe shi. Nakan gaya wa matata haka duk lokacin da muka yi cacar baki, ita kuma takan ce in ajiye wa'azin in kawo kuɗin cefane.

Bayan biki zumuntar mata ta zauna ta yanke shawara cewa tunda inji abu ne mai wuyar sha'ani, kada kowa ya taɓa shi sai Injiniya. Na karɓi wannan a matsayin girmamawa. Duk Asabar ɗin da ba ni da aiki sai in hau keke in zo ƙauye in share kafet, mata suna zaune a inuwar mangwaro suna ɓare gyaɗa suna yaba gwanintata. Na daɗe ina ba abokaina labari a loko cewa a cocinmu ni kaɗai aka amince wa da na'ura.

Wata Asabar ina tsakiyar aiki, gumi ya jiƙa mini riga, mahaifiyata ta leƙo ta taga. Ta daɗe tana kallona ina kai da komowa. Na ƙara ƙwazo don ta gani, na ce, "Mama, kin ga yadda yake ɗauka?"

Ta ce, "Na gani, ɗana. Tun kana yaro nake fama da kai ka ɗauki tsintsiya, ka ce aikin mata ne. Ashe jira kake a sa mata taya."