Jirage Huɗu a Layi Ɗaya

Shekarun da muka yi a unguwar Kwamba ta Suleja, abin da na fi tunawa da su shi ne ciwon ƙafa. Ni da maigidana duk a Abuja muke aiki, shi a wani kamfanin gine-gine, ni kuma ina buga takardu a wani ofis. Haya a can ta fi ƙarfinmu, sai muka kama ciki da falo a Suleja. Ana sallame Asuba muke fita. A tasha sai an yi kokawa kafin a shiga bas, in kuwa aka tarar da gosulo a Madalla, ranar sai haƙuri. Mu dawo bayan Magariba, in ɗora tukunya ina gyangyaɗi. Asabar wanki da cefane. Lahadi kaɗai ce tawa, ita ma daga Azahar zuwa La'asar.

A tsakiyar shekarun casa'in ɗin nan kamfaninsu ya sauya kwamfutoci, maigidana ya samo tsohuwa guda ya kawo gida. Wani abokin aikinsa ya saka masa wasa a ciki: ga ƙasa shimfiɗe da garuruwa da masana'antu, kai kuma ka shimfiɗa layin dogo, ka gina tashoshi, ka sayi jirage suna jigilar kaya da mutane. Sau biyu ya taɓa ya bari.

"Kwana biyar ina fama da mota," in ji shi, "ranar hutu kuma in zauna tsara wa wasu sufuri? Allah ya ba ki sa'a."

Ni kuwa abin ya shige ni. In akwai wuta ranar Lahadi, nakan jawo kujera, in sa ƙafafuna a robar ruwan ɗumi, in yi ta kallon ƙananan jiragen suna tafiya suna fitar da hayaƙi.

Na gina layi ɗaya daga mahaƙar kwal zuwa wata masana'anta, ya ratsa garuruwa biyu. Da jirgi ɗaya komai lafiya. Kwal ya fara taruwa, na ƙara na biyu. Mutane suka cika tasha, na ƙara biyu na fasinja. Shi ke nan, abu ya cakuɗe. Jirage biyu su haɗu gaba da gaba a tsakiyar daji, kowanne jar fitilar sigina ta tsayar da shi, sauran biyun su zo su jeru a bayansu. In juya wannan da hannu, ya je ya toshe wancan. Na yi ta dasa sigina kamar mai dashen albasa, abin ya ƙara lalacewa. Wata Lahadi na rushe rabin layin na sake ginawa, ban adana aikin ba aka ɗauke wuta. Na zauna ina kallon baƙin allo, ruwan robar ya huce, ban ma da ƙarfin yin tsaki.

Ana cikin haka mahaifina ya zo daga Zariya, za a cire masa yanar ido a wani asibiti kusa da mu. Bai so sauka gidan suruki ba, sai da maƙwabcinmu ya ba shi aron ɗakinsa na ƙofar gida ya yarda. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya shekara talatin a ƙananan tashoshi yana canza layi yana ba jirgi hannu. Tun da ya yi ritaya ba ya son zancen.

Lahadin da ta rage kwana biyu a yi aikin, ya shigo falo bayan Azahar yana laluben bango. Sai ya ji jiniyar jirgi daga kwamfutar. Ya tsaya cak.

"Uwata, me nake ji haka?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Kunya ta kama ni, mace da aurenta tana wasan yara. Na ce, "Wani wasa ne, Baba. Jirage ne suka maƙale mini."

Na ɗauka zai yi dariya. Sai ya nemi tabarma ya zauna. Allon ba ya ganinsa, hazo kawai, don haka ya ce in faɗa masa da baki. Jirgi nawa? Huɗu. Layi nawa? Ɗaya. A ina suke kauce wa juna?

Na ce babu.

"Ba wurin kaucewa?" Ya riƙe haɓa. "Da a wurin aiki ne, yau da kin kwana a hannun hukuma."

Ya sa na kawo masa ashana. Ya zazzage tsinkayen a tabarma, yana jera su da lalube. Ya yi dogon layi, a tsakiya ya fitar da reshe ya sake mayar da shi. Nan, in ji shi, ɗaya zai ratse ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Siginonin da na dasa a tsakiyar layin kuwa ya ce in cire su duka, su ne suke yaudarar jirgi ya shigo. A bar su a bakin reshen kawai.

"Kada ki ba jirgi hannu ya shiga inda ba ki san ta ina zai fita ba. Gara ya jira a tasha."

Na gina yadda ya ce. Jirage suka motsa, har na fara murna, sai suka sake tsayawa.

"Wanne ne ya ratse?"

"Na kwal."

"Taragu nawa yake ja?"

Na ƙirga, na ce tara.

"Reshen naki na ɗaukar tara?"

Ba ya ɗauka. Kan jirgin ya shige, amma wutsiyarsa tana kwance a babban layi ta tare hanya. Na tsawaita reshen. Ya kuma sa na janye jirgin fasinja ɗaya, wai uku masu tafiya sun fi huɗu masu tsayuwa. Zuciyata ba ta so ba, amma na yi.

Daga nan ba su sake tsayawa ba. Ina faɗa masa: na kwal ya ratse, na fasinja ya wuce, an ba na kwal hannu. Yana zaune ya jingina da bango, idanunsa a rufe, yana gyaɗa kai duk lokacin da jiniya ta yi ƙara. Can ya ce, ba tare da na tambaye shi ba, a shekarunsa na ƙarshe a wata tasha yakan share layi ya shafa wa ƙarfen canji mai, ya sa hularsa ya zauna, a yi kwana huɗu ba jirgin da ya zo. Aka kira La'asar, na miƙa masa buta.

Ranar Talata aka yi aikin. Ido ɗaya ya buɗe sosai, ɗayan likita ya ce sai a hankali. Na so ya ga jiragen da idonsa kafin ya tafi, amma Lahadin da ta biyo ba a kawo wuta ba sam. Muka zauna a tsakar gida ina tsince shinkafa, shi yana kallon tafin hannunsa kamar wanda aka ba sabo.

Washegari maigidana ya nemi izinin makara ya raka Baba tashar motocin Zariya. Ni ban samu izini ba. A bakin titi muka yi sallama, ya sa mini albarka, na ruga don wata bas ta tsaya kuma mutane sun riga sun yi kanta. Wurin tsayuwa na samu, jakata a ƙirji, har Abuja.