Malam Muhtari da Duron da Ya Kumbura

Shekara talatin da biyu ke nan, kullum da hantsi, Malam Muhtari ke hawa tsohon babur ɗinsa zuwa makarantar sakandaren da yake koyar da ilimin sinadarai a Ƙaura Namoda. A watan nan ya ajiye alli.

Duk wanda ya zauna ajinsa ba ya manta ranar haɗa soso. Malam kan fitar da ɗalibai fili, ya tsiyaya ruwan kwalabe biyu a kofi, sai kumfa ta taso, ta tumbatsa, ta daskare.

"Ruwan wannan kwalbar sunansa aisosayanet," in ji shi. "In ya gamu da dangin alkohol, yuretan ake samu, shi ne sosan katifarku. In ya gamu da dangin amin, sai a samu 'yan uwan yuriya, takin gonarku. Amma in ruwa ya taɓa shi, iska yake saki, kada ku rufe shi."

Wannan sanin ne ya ceci shagon Emeka, mai lulluɓe akwatunan ƙanƙara da soso a bakin tasha. Wata damina rufin kwanonsa ya yi yoyo cikin duron aisosayanet, shi kuwa ya ɗaure murfin tamau. Washegari Malam na wucewa ya hangi duron ya yi tumbi.

"Emeka, mi kay yi ma duron ga?"

"Ƙiba ya yi, Malam, kamar ni."

"Fita da ƙibarka! Kowa ya ja baya!"

Turai mai tuwo, maƙwabciyar shagon, ta ce da idonta ta ga Malam ya rufe fuska, ya sa safar hannu, ya sassauta murfin kaɗan-kaɗan, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Duron ya yi ta huci har ya lafa. A ranar, malmala uku ta zuba wa Malam, Emeka kuwa ko loma bai iya kaiwa baki ba.

Tun daga nan, duk Asabar, masu aikin soso har daga Shinkafi da Zurmi ke taruwa a zaurensa, yana koya musu kare huhunsu da idanunsu.

Malam, kai ne ka fito da ilimi daga allo ka kai shi bakin tasha. Rijiya mai ruwan daɗi, mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Mu kuma da muka san wani abu, mu daina wuce duron maƙwabci muna kallo.