Amyar Madam Birgitta da Kujerar Baba Adamu

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ta watan Maris ɗin 2013 ba, kuma duk sabon mai fassarar da aka kawo mana sai na ishe shi da labarinta. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin fassara a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, da safe karatu, da yamma aiki. Aka haɗa ni da wata tsohuwar malama 'yar Suwidin, Madam Birgitta, wadda ta zo horar da malaman makarantun 'yan gudun hijirar Sudan a unguwar Ainu Shams. Littafin horon da yaren mutanen Suwidin yake, ni kuwa ko gaisuwarsu ban iya ba. Tsarinmu shi ne ta bayyana mini kalma da gurguwar Turancinta, in nemo wadda malamai ke amfani da ita, sannan mu gwada a aji kafin a buga.

Akwai wata kalma tasu, bikupa, wato amyar zuma. Malami zai jefa tambaya, kowa ya juya ga na kusa da shi su tattauna, aji ya ɗauki gunaguni kamar ƙudan zuma. Da Turanci na sa mata buzz group, na rubuta a ƙasa cewa kowa ya yi magana da maƙwabcinsa, na ji ni gwani.

A cikin masu ɗaukar horon akwai Malama Hawwa, Bahaushiyar Sudan, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Sai wanda ya samu shaidar kammalawa za a ɗauka koyarwa, ita kuwa da wannan aikin take sa ran riƙe gidan. Kullum tana zaune gefen wani dattijo mai raunin gani, Baba Adamu, tsohon malami, ita ke riƙo hannunsa daga tashar jirgin ƙasa na metro. Duk sanda aka ce a yi amya, aji ya kaure da surutu, ita sai ta sunkuyar da kai.

Ranar Larabar, a hutun shayi, Madam ta ja ni gefe. "Sanusi, ina son matar nan, amma ban taɓa jin muryarta ba. Yaya zan sa hannu a kan malamar da ba ta magana?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je wurin Hawwa na yi mata Hausa, na ce, "Malama, lafiya kuwa? Turancin ne ke ba ki wuya?"

Ta yi murmushi. "Wane Turanci, ɗan'uwa? Baba fa surukina ne. Ni ce zan dube shi in ce ba haka ba ne? Ma'alish, ba komai, a bar shaidar kawai."

Nan na gane inda gizo ke saƙa. Su a Suwidin maƙwabcin kujera kowa ne. Mu kuwa wanda ke kusa da kai galibi wanda kake jin nauyinsa ne, shi ya sa ma kake kusa da shi. Ashe duk maganar nan a kunnen Baba Adamu muke yi, ido ne ya raunana, kunne garau. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Yaro, kai ni can baya, kusa da taga. Ka gaya wa Baturiyar zafi nake ji."

Hawwa ta ce, "Baba, wa zai zuba maka shayi?"

"Khalas, ya isa, 'yata. Shayi ba ya gudu."

Na zaunar da shi, na zauna tare da shi. Aka koma aji, Madam ta jefa tambaya a kan yaron da ba ya son karatu, Hawwa ta juya ga wata matashiya. Da farko a hankali, can sai ga ta tana kaɗa hannu, tana musu, tana dariya, har ta rufe muryar rabin ajin. Madam ta tsaya da alli a hannu tana kallon ta. Na waiga zan tsokani Baba, sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Tun da ta shigo gidana ban taɓa jin ta haka ba," in ji shi. "Marigayi yakan ce mini, Baba, ba ka san Hawwa ba, ta fi ni baki. Ina ce son mata ne ke sa shi faɗa."

Ni ma sai da na share ido, ba na ɓoyewa. Ta samu shaidarta a ƙarshen watan. Kafin a buga littafin na goge maganar maƙwabci, na rubuta cewa kowa ya nemi wanda zai iya yi wa musu ba tare da jin nauyi ba, Madam ta amince nan take.

Shi ya sa nake gaya muku, kada ku ce kun gama fassara don kalma ta zauna daidai a takarda. Ku je ku ga mutanen da za su yi aiki da ita, ku duba wa ke zaune kusa da wa.