Inna Ma'u da baƙin Sodangi

Babana Sodangi bai taɓa cin tuwon gida wata biyu a jere ba. Ya raka shanu a tirela, ya yi fataucin goro, ya zauna Yamai, Agadas da Kumasi. In ya dawo Ƙofa, garinmu da ke ƙasar Kusada, kwana goma sun yi yawa, sai ka ga ya fara leƙen hanya yana karkaɗa ƙafa. Har yau da ya haura saba'in bai daina ba, kuma ni ce na gaje shi. Ba na iya zama a kujera in gama shan shayi.

Innata Ma'u kuwa, iyakarta Kankia, ita ma sai biki ko asibiti. Ranar da aka kai ta ɗaki Baba ya yi mata alkawarin zai kai ta Kumasi. Mu yara mun mai da zancen abin tsokana, ita ma takan taya mu dariya.

Akwai wani halin Baba da ya daɗe yana ba ni haushi. Duk inda aka yi masa alheri a hanya, sai ya ce, "In Allah ya kai ka ƙasar Katsina, ka nemi Kusada, ka tambayi gidan Sodangi." Kuma mutane suna zuwa! Buzaye, Zabarmawa, matan Kumasi masu neman wake, har da wani ɗan Cadi da ya yi wata uku a zaurenmu. Mai gayyar ba ya nan, Inna ke tashi da dahuwa, ni kuma a kore ni daga katifata.

Na girma na zama malama a jami'a. A 2019 aka ɗora mini sabon darasi: tunda ɗalibanmu ba su da halin fita waje, a kawo musu duniya inda suke. Na gwada haɗa su da wani aji na ƙasar waje ta bidiyo, sau uku sabis yana kunyata ni. Shugaban sashe ya ce in zangon karatu ya ƙare ba a ga komai ba, za a soke darasin. Sai na tuna ina da duniya guda a gida. Na roƙi Baba in kawo masa ɗalibai ya ba su labarin ƙasashen da ya zaga, ya amsa da murna, muka tsai da Asabar.

Muna Kankia da ɗalibai talatin da biyu a bas, Inna ta kira ni.

"Babanki hwa ya tahi. Wata motar Maraɗi ta biyo da sassahe, ya ce jibi shina nan."

Na sauka na yi ta zagaya motar kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na kira shi ya fi sau goma, waya a kashe. Direba na tambaya ko mu juya, ɗalibai na leƙe ta taga. Raina ya ɓaci sosai, har na ji ina ƙin jinin da na gada. Na kira Inna in ce ta sauke tukunya, za mu juya.

"Ku juya ina? Na dahwa abinci. Baƙo bai juyawa daga hanya, kawo mani su."

Don abincin kawai muka ƙarasa. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar tsakar gida, ni kuwa na kasa zama, ina ta shirya haƙurin da zan bayar. Wata ɗaliba, Fauziyya, ta ɗaga cokali ta ce, "Inna, me ya sa shinkafa da waken nan suka yi ja?"

"Karan dahi na sa, ɗiyata. Haka mutanen Kumasi ke yi. Wata Akosuwa ta koya mani, damina guda ta yi a ɗakin can."

Daga nan zance ya ɓalle. Ta ce mutumin Kumasi ba ya sakin jiki sai ka ba shi ruwa ka tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da ka sani. Buzu kuwa kada ka yi masa saurin tambaya, kuma in ka ajiye masa akushi ka ba shi wuri, don ba ya son sauke rawani daga bakinsa a gaban manya. Ta gaishe su da Zabarmanci, ta sa suka maimaita, tana gyara musu baki tana dariya. Ta faɗi yadda ta taɓa ɓata wa wata baƙuwa rai kwana biyu ba ta san laifinta ba, da yadda suka shirya a bakin murhu ba mai jin yaren wani. Na duba, kowa ya zaro littafi yana rubutu. Darasina ya tsira, na san haka tun a lokacin, amma ban ji daɗin da na zata ba. Shekara talatin da takwas ina cin abincin matar nan, ban taɓa tambayar ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Da za mu tashi, wani ɗalibi mai suna Hafizu ya ce, "Inna, ke da za a ba ki zaɓi, ina za ki?"

Ta gyara mayafi, ta fara lissafi da yatsu. Kankia, Katsina, Jibiya, Maraɗi. A Ƙonni a canza mota. Doso, Yamai, a kwana. Fada, Wagadugu, Bolga, Tamale, sai Kumasi, a sauka a tambayi zango. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Hafizu ya ce, "Ashe kin taɓa zuwa."

Inna ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ni da fasfo ɗina ya sha hatimin ƙasa shida.

"Hanya dai na sani," ta ce. "Ba a ce in taho ba."