Jan Gini Mai Mangwaro a Ƙofa

Shekarar da aka kore mu daga garinmu, can gaba da Mubi, na rabu da 'yata a bakin rafi. Ina riƙe da hannunta aka yi harbi, mutane suka watse. Da na tsallaka, hannuna babu kowa. Ko girma ba ta gama yi ba. Na iso Jimeta a bayan motar shanu, ni kaɗai.

Yayana, Hamma nake ce masa, yana gadi a jami'a. Shi ya roƙa mini aikin shara a ɗakin kwanan ɗalibai mata, wani tsohon bene mai jan fenti da bishiyar mangwaro a ƙofa. Hajiyar da ke kula da ginin ta nuna mini ɗakin tsintsiya a ƙarƙashin matakala. Ba ta ce in kwana a ciki ba, ba ta kuma hana ba.

A wajenmu in kana neman mutum, tasha kake zuwa ka ba direba sallahu da baki, shi kuma ya ba wani. Haka na yi. Na bi masu zuwa Gombi da Mubi da Maiduguri, har masu tsallakawa Kamaru. Maganata ɗaya: in kun ga yarinya mai tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, ku ce uwarta tana Yola, a jami'a, jan gini mai mangwaro a ƙofa.

Wani direba ya ce, "Goggo, ginin ba shi da suna ne?"

Akwai rubutu a goshin ginin, amma ban iya karatu ba, ban kuma ga amfanin tambaya ba. Na ce, "Ja ne. Makaho ma zai gane shi."

Daga ranar ban yi nisa da ƙofar nan ba. Ko kasuwa sai in aiki wani.

Ginin ya tsufa tun kafin in zo. Ɗakin mutum huɗu, sai ka tarar da ninkin haka a ciki, katifa kan katifa. Da damina kowane ɗaki da bokitin tarar yoyo. Suna dafa taliya a risho a kan baranda, bangon duk ya yi baƙi. Dada suke kirana, wato uwa da Fulatanci.

"Dada, kullum idonki na ƙofa. Saurayi kike jira?"

"Naki nake jira, in gaya masa tukunyarki kwana take yi ba wanki."

Su yi ta shewa. Kaɗan ne suka san abin da nake jira. Duk shekara in sababbi suka zo da akwatunansu, nakan taya su ɗauka, ina duba hannun hagu.

Wata shekara silin ya faɗo wa wata yarinya a kafaɗa. Bayan nan maza masu hular kwano suka zo da igiyar awo. Hajiya ta ce an ba 'yan kwangila ginin, za su sabunta shi, kuma kamfani zai kawo nasa masu sharar. Yaran suka yi ta murna. Ban ga laifinsu ba, ni nake wanke musu banɗakin, na san abin da suke sha.

Na sami babban ma'aikatan yana shan ruwa a inuwar mangwaron.

"Wane fenti za ku shafa?"

"Fari da ruwan toka, Mama. Sai kin gani."

"Bishiyar fa?"

"Nan ne wurin ajiye motoci."

Da hantsi suka sare ta. Na kwashe tabarmata da tukunya, suka kewaye wurin da kwano.

Na koma tasha in gyara magana. Direbobin da na sani ba su nan. Wasu sun rasu, wasu sun koma tuƙin keke. Wani matashi ya ce in ba shi lambar waya. Ina da waya yanzu, amma 'yata ba ta san lambar ba. Abin da na aika tun farko shi ne yake yawo, in ma yana yawon, kuma babu mai kamo shi ya dawo mini da shi.

Na kafa teburin awara a wajen sabuwar katanga, daidai inda inuwar mangwaron take kaiwa da. Wata mai shago a bayan makaranta ta bar ni ina kwana a wajenta.

Bara Hamma ya ajiye aiki. Ya zo daga unguwar Jambutu ya zauna a bencina.

"Gari ya lafa. Mutane sun koma, ana noma. Tattara mu tafi."

"Na ce mata Yola."

"In tana raye, gida za ta nema. Ginin da kike gadi ma babu shi. Sai yaushe?"

Maganar ta shige ni. Na gaji da rana, na gaji da hayaƙi. Har na ɗaure kayana.

Ana saura kwana kaɗan mu tashi, keke ya sauke wata mata da goyo a ƙofar sabon ginin. Ta tsaya tana dube-dube, sannan ta tambayi maigadin kamfani, "Don Allah ina jan ginin nan mai mangwaro?"

Ya ce, "Babu jan gini a nan, madam. Ki gwada wata makarantar."

Ta juya za ta hau keken. Na bar mai a wuta na ruga, na cafke hannunta na hagu na juya shi. Babu tabo.

"Dada! Kina nan har yanzu?"

Tsohuwar ɗalibar ginin ce, ta biyo ta ga ɗakinta na da. Na ba ta awara, muka gaisa, ta tafi. Maigadin bai yi ƙarya ba. Haka zai gaya wa duk wadda ta zo, ita kuma ta hau keke ta tafi.

Ranar tafiya na raka Hamma tasha. Na ce, "In ta zo gida, ka riƙe ta, ka kira ni."

"Ke kuma fa?"

"Ina nan."

A hanyar dawowa na sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti na shafe teburin da shi, har ƙafafu. Na kwance kayana.